Zuwa ga Aminina: Abokan Tafiya Ka Rasa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Ingila?

Na ga saƙonka inda ka ce tun da ka bar Kaduna ka daina motsa jiki, har kana cewa dama ƙyuya a jininka take. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, don ban yarda da ita ba. Abokan tafiya ka rasa.

Ka tuna yadda muka taso a Tudun Wada. Yaro ya buga ƙwallo a layi ba laifi, amma magidanci mai iyali in aka gan shi yana gudu da sassafe, sai a tare shi a ce, "Malam lafiya? Wa ya biyo ka?" Tumbi kuwa alamar hutu ce, sai a ce Alhaji ya samu. Da wannan idon aka raine mu, mu ma da shi muke kallon kanmu.

Yanzu da za ka leƙa Dandalin Murtala ranar Asabar bayan asuba, da ka sha mamaki. Dattawa masu furfura, waɗanda likita ya tsoratar da hawan jini ko ciwon suga, ga mata cikin hijabi da takalmin kambas suna zagaye rukuni-rukuni. Tun da aka yi gudun fanfalaki na kilomita 21 a watan Nuwamba 2020, na lura kunyar ta ƙara raguwa.

Akwai telan nan na bakin layinmu, wanda yake wuni kan keken ɗinki. Da ƙyar muka ja shi, yana tafe yana haki yana riƙe ƙugu. Ran da ya yi fashi, sai waya ta ko'ina. Ana haka samarin unguwa suka laƙaba masa Koci, kuma sunan ya bi shi. Yau shi ke ƙwanƙwasa mana ƙofa da duku-duku, ko da hunturu, don yana jin nauyin a ce Koci ya makara. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Mata sun fi mu shan surutu. Uwargida sai da ta sha maganganu wajen dangi, har wata malamar Islamiyyarsu ta tuna musu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Daga nan bakin kowa ya mutu, ƙawayenta ma suka biyo ta.

Don Allah kada ka tsaya jiran sai zuciyarka ta raya maka. Nemi mutum biyu a masallacinku ko wajen aiki ku sa rana. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako, ko tafiya ce da ɗan sauri.

'Yan majalisa duk suna gaishe ka. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka daga Kaduna