Wasiƙa daga Malaz

Assalamu alaikum mutumin Zazzau,

Ya iyali, ya sanyi? Shirun ya yi yawa har Hajiya ta fara tambaya ko faɗa muka yi. Na ce mata wa yake faɗa da Bazazzagi, ai sai dai haƙuri. Maganar gonar da ka tambaya ina zuwa, bari ka ji wannan tukuna.

Likita ya ce sugana ya hau, ya raba ni da shayin dare, ya ce sai tafiyar ƙafa. Ni da ko masallacin unguwa sai da mota! Abin ya tsorata ni ƙwarai, ka san shi ya kwantar da yayana. To yanzu da an yi la'asar ina Lambun Sarki Abdullah da ke unguwar Malaz, a nan Riyad. Ka tuna filin sukuwar nan na gefen filin ƙwallon Yarima Faisal bin Fahad? Shi ne aka mai da lambu. A 2003 aka kwashe dawakan zuwa Janadiriyya da ke wajen gari, a 2013 aka buɗe lambun. Faɗinsa ya haura murabba'in mita 300,000, kai da wannan tumbin naka ko rabi ba za ka kai ba.

A can na gamu da wani dattijo, Bahaushe haifaffen Makka, wanda kakansa ya tako da ƙafa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Sudan. Hausarsa duk Larabci ya cinye rabi, amma da aka zo kan doki sai ga linzami da sirdi da turke suna fitowa tiryan-tiryan. Ashe a bargar filin ya yi ƙuruciyarsa yana wankin dawaki. Muna tafe yana nuni da sanda: nan suke shan kwana, can manya suke zama. Ni ciyawa kawai nake gani da yara a kan keke. Shi ya ce min Sarki Abdullah, tun yana yarima, shi ne shugaban ƙungiyar mahaya da aka kafa a 1965, ka ga ba a banza lambun ya ci sunansa ba. Ita kanta Malaz, zamanin Sarki Saud aka gina ta, a shekarun 1950, don ma'aikatan gwamnati da aka dawo da su Riyad daga Jidda. Jami'ar Sarki Saud ma a nan ta fara a 1957. Shekara nawa muna sayen shawarma a unguwar nan ba mu sani ba?

Af, telan nan namu ya ƙara aure, kuma har yau bai ɗinka maka yadinka ba. Ka fid da rai.

Da dare akwai ruwan da ke tashi sama yana rawa da fitilu, jama'a su taru da waya a hannu. Ni bai dame ni ba. Abin da ke wahalar da ni shi ne masu shimfiɗa darduma a kan ciyawa, ka zo wucewa su ce tafaddal, ga gahawa ga dabino. Yaya mai suga zai yi? Ɗaya nake ɗauka don kunya, wani lokacin uku. Duk da haka awon makon jiya ya sauka, alhamdu lillahi, har likitan ya yi murmushi.

Ana can ana gina wani lambun, na Sarki Salman, a tsohon filin jirgi, ya fi murabba'in kilomita 16. In ka zo Umra ka biyo ta nan da takalmin kirki, ba wannan silifas ɗin naka ba. Ka gai da Inna da yara, ka ce wa Malam ya sa ni a addu'a.

Naka,
Bakanon da ya fi ƙarfinka