An yi wa magen Inna tiyata

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Sakkwato, ya zafi, ya madam da yara? Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Tun bikin ƙanwarka rabon da in ji ɗuriyarka. Bari in sauke abin da ke cikina.

An yi wa magen Inna tiyata. Eh, mage. Yi dariyarka ka gama, 'yan majalisar unguwar Wunti a nan Bauchi sun riga ka, har sun laƙaba min "Baban Mussa".

Ai ka san ta, farar nan mai baƙin kunne da ta taɓa ɗauke maka kan kifi kana alwala. Bana sau uku ta haihu. Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne kacal, kuma kafin ta gama yaye 'ya'ya muzuran unguwa sun dawo kan kwanonmu, suna kuka kamar jarirai har asuba. Na ƙarshen a durowar uwargida ta zube su, guda biyar, a kan leshin da ta ajiye don sunan ƙanwarta. Ranar na ga ikon Allah. Amma ni ba leshin ne ya tsaya min a rai ba. Na haihuwar baya da muka rasa mai karɓa, yara suka zuba su a kwali suka ajiye bayan kasuwar Muda Lawal. Bayan kwana biyu na bi ta wurin, na ga ɗaya a bakin kwata, ƙudaje na binsa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage ya yi ta faɗo min, na kasa cin tuwon dare.

Likitan da ke duba min tumaki ne ya ce in kawo ta asibitin dabbobi. Ya ce na muzuru aiki ne mai sauƙi, amma mace sai an buɗe ciki an cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa, daga nan babu ciki, babu kiran muzurai. Da Inna ta ji, sai salati. "Ku yaran zamani, baiwar Allah za ku hana haihuwa?" Na ce, "Inna, tauren da muke yankawa ranar suna fa, wa ya nemi izininsa kafin a dandaƙe shi?" Da mafici ta jefe ni. Sai da liman ya ce malamai sun yi saɓani, amma akwai waɗanda suka halatta in don kauce wa cutarwa ne, sannan ta sassauta.

Af, limamin ya ƙara ta uku. Yarinyar sa'ar babbar 'yarsa ce. Wannan sai mun haɗu.

Tun dare aka hana magen abinci, don kada ta yi amai in an yi mata allurar barci. Inna ta kwana tana ce mata "yi haƙuri". Da safe na sa ta a kwando, na tari Keke Napep, direban na tsammanin kaza ce har ta yi kuka. Aka aske mata ciki, aka yi ɗan yanka bai kai tsawon yatsa ba, aka ɗinke. Da ta farfaɗo tana tangaɗi kamar wadda ta sha. Suka maƙala mata roba a wuya mai siffar mazurari don kada ta lashi ɗinkin, sai bayan kwana 10 zuwa 14 a cire zaren. Ka gan ta tana karo da ƙafar gado, sai ka tausaya.

A can na haɗu da wani mafarauci ya kawo karyarsa, cikinta ya kumbura, ba ta ci sai shan ruwa. Ashe mugunya ce ta taru a mahaifa. Likitan ya ce ciwon yakan sami karnukan da suka manyanta bayan lokacin barbara, kuma da an cire mahaifar tun tana ƙarama da ba a zo nan ba. Mutumin ya tsuguna yana shafa kanta, idonsa jajir. Ban taɓa ganin Bahaushe ya damu da kare haka ba. Mu ma an yi wa tamu rigakafin ciwon haukan kare, wai mage ma tana ɗauka.

Kuɗin da na biya kuwa ba zan faɗa maka ba, na san bakinka.

Yanzu Inna ce ke dama mata madara tana duba ɗinkin safe da yamma, har tana gaya wa maƙwabta wai shawararta ce. Saura 'ya'yan nan biyar. Na ware maka biyu, zan ba direban tasha tare da masa da yajin da madam ta roƙa, kada ka ce ban gaya maka ba.

Ka gaida yara. Ka ce wa ƙaramin har yanzu ina binsa bashin ƙwallona.

Naka,
Baban Mussa, tunda haka suka so