Lissafin Yaro Daga Hannu Yake Farawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da iyayen yaran da ke aji ɗaya zuwa aji uku na firamare, game da darasin da ya fi jawo wa yara bulala da kuka, wato lissafi. Sakamako ya zo gida da jan biro, uba ya ce yaron ba ya ja, uwa ta ce gado ya yi. Alhali sau da yawa kan yaron lafiya lau yake. An kai shi ga alli da biro ne tun hannunsa bai taɓa abin da ake lissafawa ba.

Rera lamba daban, ƙirga daban. Ɗan shekara biyar zai rera ɗaya zuwa ɗari, gida ya ɗauka da murna. Zuba masa wake a tabarma ka ce ya miƙo ƙwaya bakwai, sai bakinsa ya riga yatsansa, ya taɓa wata sau biyu, ya tsallake wata. Mai ƙirga na gaskiya yana ba kowace ƙwaya lamba ɗaya tak, kuma ya san lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce jimilla. In ya gama, tambaye shi, "To, nawa ke nan?" Idan ya koma farko yana sake ƙirgawa, da saura. A sa shi ya riƙa janye kowace ƙwaya gefe guda yayin da yake ambaton lambarta. Akwai kuma gwajin da aka san Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, da shi: jera murafen kwalba bakwai, ka jera wasu bakwai a ƙarƙashinsu daidai wa daida, sannan ka baje layi ɗaya ya yi tsawo a gaban idonsa. Yawancin yara ’yan ƙasa da shekara shida za su ce dogon layin ya fi yawa. Wanda ke wannan matsayi, ba shi jimloli ashirin a takarda wahalar banza ce. Ƙirgar cokula da kujeru da awaki yake buƙata tukuna.

Kada a doke hannun yaro don yana lissafi da yatsu. Abin da za a raba shi da shi, shi ne farawa daga ɗaya kullum. Idan an ce 3 a tara da 8, ya riƙe takwas a ka, ya ce tara, goma, sha ɗaya. Daga nan a haddace abokan goma: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Uwa ta ɗauki ƙwallon dabino goma, ta rufe wasu da ƙoƙo, ta ce nawa ne a ciki. Wanda ya riƙe wannan, 8 da 5 ba zai ba shi wuya ba: ya ciro biyu daga biyar ya cika goma, saura uku, 13.

Inda gizo ke saƙar shi ne matsayin lamba, kuma a nan muke so iyaye su daɗe. Yaro yana rubuta 34 ba tare da ya san 3 ɗin nan talatin ba ce. A cikin sha ɗaya zuwa sha tara Hausa tana taimakonsa, domin "goma sha huɗu" ta faɗi abin da ke ciki. Amma ashirin, talatin, arba’in, da muka aro daga Larabci, ba sa nuna wa yaro goma nawa ke cikinsu. Saboda haka a nemi tsohuwar tsintsiya, a kakkarya tsinke kamar 120, a sami zare ko roba. Duk goma a ɗaure su dami guda, yaron ne zai ɗaure da hannunsa. A ja layi a ƙasa, dammuna a hagu, warwara a dama. 34 dami uku ne da tsinke huɗu, 43 dami huɗu da tsinke uku. Doka ɗaya ce: ɓangaren warwara ba ya ɗaukar fiye da tara, da sun cika goma sai a ɗaure a tura hagu.

Da wannan za a gane kurakuran da ke cika littattafan aji biyu. Yaro ya tara 28 da 14 ya sami 312. Ba hauka ya yi ba: 8 da 4 sun ba shi 12 ya rubuta, 2 da 1 sun ba shi 3 ya rubuta a gefe. Da tsinke zai ga sha biyun nan dami ɗaya ne da tsinke biyu, amsa 42. Na ɗebewa ya fi yawa: 52 a ɗebe 27, ya rubuta 35, domin ya ga 7 ba za ta fita daga 2 ba sai ya juya su, ya cire ƙarama daga babba. A aji ana ce masa "ka yi aro", shi kuwa bai san me ya ara ba, daga wa, kuma yaushe zai biya. Ba shi dami biyar da tsinke biyu, ka ce ya ba ka bakwai. Da kansa zai kwance dami ɗaya, warwara ta zama 12, dammuna su koma huɗu, ya tarar da 25. Haka mai rubuta ɗari da biyar a matsayin 1005: abin da kunnensa ya ji ya rubuta, ɗari sannan biyar. A ɗaure dammuna goma su zama babban dami, ya ga gidan gomomi fanko ne, sifili ke gadinsa. Bayan tsinke sai zane, ya zana dammuna a takarda, sannan a zo ga lamba zalla. Kada a yi gaggawar raba shi da tsinken. Shi zai ajiye shi in ya ga yana ɓata masa lokaci.

Wani abin da malaman boko kan manta: yaranmu da yawa suna ganin lambobi iri biyu, na boko da safe, na Larabci a Islamiyya da yamma. Biyar ta Larabci ta yi kama da sifilin boko, shida ta yi kama da 7. Idan yaro yana musanya su, a rubuta masa jerin biyu a kwali ɗaya, wannan a kan wancan, a manna a bango.

Jadawalin sau kuwa, rerawa kawai ita ke sa a tambayi yaro 7 sau 6 ya koma 7 sau 1 yana gangarowa. A fara da na 2, da na 10, da na 5. Na 4 ninkin na 2 ne. Na 9 na goma ne a cire lambar da ake ninkawa sau ɗaya: 9 sau 6, sittin ba shida, 54. Kiret ɗin ƙwai yana da gurbi 30, layi biyar na shida-shida. Juya shi ya zama layi shida na biyar-biyar, yaro ya gani da idonsa cewa 5 sau 6 da 6 sau 5 abu ɗaya ne, nauyin hadda ya ragu kusan rabi. Carbi 33 sau uku, 99. Raka’o’in farilla 2, 4, 4, 3, 4, a tara, 17. ’Yan’uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke ƙirga kuɗi da dala, kowace dala sefa biyar, ’ya’yansu suna yin jadawalin 5 a kasuwa kullum ba tare da an ce musu lissafi ne ba. Yarinyar da ke dawo da canjin naira 500 ba kuskure, amma ta ci sifili a aji, ta iya lissafi. Haɗa mata na baki da na takarda ne ba a yi ba. Idan ta dawo daga aike, a sa ta rubuta cinikin da lambobi.

Duk wannan ba ya buƙatar uba ko uwa su yi boko. Minti goma zuwa sha biyar a rana sun isa, da Hausa, a lokacin da yaro ya ci ya ƙoshi. Tambayar da aka rubuta da Turanci a fara warware masa labarin da Hausa, domin sau da yawa harshen ne ya kayar da shi. Idan ya yi kuskure, kafin a ce "ba haka ba ne", a ce, "Nuna mini yadda ka yi." Amsarsa ita za ta nuna inda ya ɓace. Idan kuma an yi wata biyu ana wannan babu motsi, a duba ko yana hango allo daga inda yake zama, ko yana jin malami sosai, sannan a je makaranta da littafinsa a hannu a zauna da malamin ajin.

Wassalam.

Daga wasu malaman firamare, Kano.