Masu tallar 'ya'yan hawainiya a WhatsApp, ku ji tsoron Allah

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ɗan ba ni fili.

Mu da muka tashi a Aboabo nan Kumasi, hawainiya in ka gan ta to busasshiya ce a rumfar masu maganin gargajiya, ko ka ji ta a bakin tsofaffi in rai ya ɓaci, hawainiyarka ta kiyayi ramata. Yanzu samarinmu sun maida ta abin kiwo har talla ake a status.

Ƙanina ya kwashi kuɗin da ya tara a gyaran waya ya sayo 'ya'ya biyu, irin mai tsini a ka ɗin nan da asalinta Yemen da Saudiyya ne, ko wata 2 ba a yi ba ƙafafu suka lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, reshe ma ba sa iya riƙewa balle su harba harshe su kamo ƙwaro, haka suka bi juna suka mutu. Ya kira mai sayarwa, wai baki ne ya kama su. Baki a hawainiya fa!

Ciwon ƙashi ne na rashin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kuma wani lokaci tun daga uwa yake farawa. Irin wannan tana iya zuba ƙwai 30 har 60 a tashi ɗaya kuma daga jikinta take zarar kalsiyam ɗin, to in mai kiwo ya haɗa ta da namiji ba ta kai shekara ba, yana ta ɗura mata abinci don ta sake yi, ita ta tsotse, 'ya'yan kuma bayan sun yi wata 6 ko fiye cikin ƙwai a ƙasa mai damshi su fito ba ƙwari. In ba a aje mata ƙasar da za ta tona ba ma ƙwan kan maƙale mata a ciki ya kashe ta.

Mu ma da laifinmu, ba zan ɓoye ba. Bayan gilashin taga muka aje su, alhali UVB, wani ɓangare na hasken rana da jikinsu ke buƙata don kalsiyam ya kama, baya ratsa gilashi. Gyaren da muke ba su ba mu barbaɗa masa garin kalsiyam ba, ruwa kuma a kwano muka zuba, su ko ɗigon da ke kan ganye suke lasa. Mai sayarwa bai faɗi ko ɗaya ba, kuɗinsa ta MoMo (tura kuɗi ta waya) kawai ya jira.

Duk mai son saye ya ce a nuna masa uwar ido da ido tukuna. Ma'aikatan Wildlife Division, hukumar kula da namun daji, kuma don Allah su leƙo zango su ga abin da ake yi. Kejin namu dai yana nan tsakar gida, Hajiya ta zuba 'yan tsaki a ciki.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi