Wasiƙa Daga Seoul: Kalmar Da Ta Ɗaure Wa Ɗalibaina Kai

Assalamu alaikum, aminina.

Da fatan kana lafiya, da iyali da su Baba. Ka tambaye ni yadda koyarwa take tafiya. Alhamdu lillahi, sai dai makon nan wata kalmar Turanci ta hana ajina sakat, wai ita dampen.

Bature abu biyu ya cusa a cikinta. In ka yayyafa wa riga ruwa kafin guga, ta yi ɗan danshi, ba jagab ba, ita ce. In wani labari ya rage maka zumuɗi, ita ce dai. Su kuwa Koriyawa kowace ma'ana da kalmarta: jeoksida ta jiƙawa, kkeokda ta karya ƙwarin gwiwa. Yaran sun haddace ta farko kawai, sai ga jimlar da ke cewa tsadar kaya ta yi dampen ɗin ciniki. Wata yarinya ta ɗago kai ta ce, "Malam, ruwa aka yi a kasuwar?"

Ban ga laifinsu ba. Hadda suke yi ba ji ba gani saboda Suneung, jarrabawar shiga jami'a da ake zanawa wata ranar Alhamis cikin Nuwamba. Kai, ranar har jirage ake dakatarwa lokacin gwajin sauraron Turanci! Daga makaranta sai hagwon, gidajen lasin na kuɗi, har ƙarfe 10 na dare. Mai wannan gudun ina ya ga lokacin juya kalma ya duba bayanta?

Mu abin bai yi mana nisa ba, tunda muna cewa jikina ya yi sanyi, ko ya sanyaya mini gwiwa. Sai na tambaye su me suke cewa in ana cikin nishaɗi wani ya ɓata taron. Suka haɗa baki: chanmureul kkieonda, wato watsa ruwan sanyi. Ashe abin yana bakinsu! Nan take aka fara gyaɗa kai, har wani ya ƙirƙiro jimla a kan jangma, damunarsu ta ƙarshen Yuni zuwa Yuli, wadda ke hana shanya bushewa ta kuma kashe wa mutum jiki.

Lafazin ne dai har yanzu muke fama, domin daempeun suke cewa.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata yajin da ta ɗauro mini ya kusa ƙarewa. In ka samu mai tahowa, kada ka manta da kilishi.

Naka,
Amininka na Koriya ta Kudu