Godiya ga garejin da ya bi motata har babban titi

Assalamu alaikum Oga, kai da yaranka baki ɗaya.

Yabon gwani ya zama dole. Godiyar da na yi muku a ƙofar gareji ba ta ishe ni ba, shi ya sa na rubuto ta inda jama'a za su gani, musamman masu mota mai turbo da ke fama da irin abin da ya hana ni sukuni wata huɗu cur.

Motata mai silinda huɗu ce, mai shan fetur. A cikin gari lafiyarta lau, silo daidai, tashi ɗaya take yi da safe. Amma da zarar na hau babban titi na kai gudun kilomita 100 ko 110, na taka totur zan wuce wata mota, sai ta cije, kamar an riƙo ta ta baya. Ta ɗan yi jijjiga na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ta saki. Ranar da na fi tsorata, na fito zan wuce tirela, iyalina na ciki, ga wata mota tafe daga nesa, sai ta cije ina daidai tsakiyar tirelar. Na taka birki na koma bayanta, hannuna na rawa a kan sitiyari.

Wuri biyu na kai ta kafin in zo gare ku. Na farko an kunna ta a tsaye, an ba ta wuta, aka ce famfon mai ne, aka canza. Na biyu aka ce turbo ya mutu, in nemo sabo. Duk cikinsu ba wanda ya fita da ita titi, alhali can ne kaɗai ciwon yake tashi.

Kai kuwa, Oga, ko bonet ba ka buɗe ba sai da ka zaunar da ni ka yi mini tambayoyi. A wace giya take yi? Sai inji ya yi zafi, ko tun yana sanyi? Ta fi yi a hawan tudu? Fitilar gargaɗin inji tsayawa take yi, ko ƙiftawa? Da na ce takan ƙifta sannan ta ɗauke, sai ka ce wannan alamar misin ne mai ƙarfi, wato wata silinda ba ta ƙona manta, ɗanyen mai yana wucewa cikin salansa, kuma in aka ci gaba da takawa a haka yana iya ƙona matatar hayaƙin da ke ciki. Ban taɓa sanin akwai bambanci tsakanin ƙiftawa da tsayawa ba.

Yaronka ya jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, lambobi biyu suka fito: P0299, wato iskar turbo ba ta kai yadda ake so ba, da P0303, misin a silinda ta uku. Na ɗauka an gama, turbo ne kamar yadda aka faɗa mini. Ka girgiza kai ka ce, "Alhaji, lamba unguwa take nunawa, ba ta nuna gida." Muka shiga mota mu uku, ni ina tuƙi, yaron a baya da kwamfuta a cinya yana duba layi biyu: matsin iskar da inji ke nema, da wanda yake samu a zahiri. A ƙaramin gudu layukan tare suke tafiya. Da na taka sosai, na sama ya hau, na ƙasa ya bi shi kaɗan ya tsaya, a daidai lokacin kuma motar ta cije. A nan na fara ganin ciwon da idona.

Da muka dawo kuka toshe hanyar iska, kuka hura hayaƙi a ciki da matsi. Can ƙasa, a tiyon da ya fito daga intakula, mai sanyaya iskar turbo, zuwa inji, sai ga siririn farin hayaƙi yana fita. Ka haska mini da tocila, ka matsa robar da babban yatsa, tsaga ta buɗe baki, tsawonta bai fi gaɓar yatsa ba, ƙura da mai sun lulluɓe ta. Ka bayyana mini cewa hayaƙin inji ne ke juya turbo, yakan wuce juyi 100,000 a minti ɗaya, shi kuma ya cusa iska da ƙarfi. A silo babu wannan matsin, don haka tsagar a rufe take, sai an taka ta buɗe. Ga shi kuma sensa ta riga ta ƙirga iskar tun daga bakin shiga, kwamfutar mota ta ba da mai daidai da ita, sai iskar ta zurare a hanya, mai ya yi yawa. Baƙar tokar da nake gani a bakin salansa ke nan.

Da wani ne, da ya tsaya nan, amma ba ka manta da lamba ta biyu ba. Kuka ciro fulogai, ka auna bakinsu: ya buɗe har milimita 1.1, alhali littafin motar ya ce kar ya wuce 0.8. Ka ce idan iska ta cushe a silinda, wuta tana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ta tsallaka, shi ya sa gajiyayyen fulogi ko koyil mai ba shi wuta yakan yi aiki a gari ya gaza a titi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ka tabbatar da laifin koyil ba tare da na sayi komai ba. Ka ɗauke na silinda ta uku ka musanya shi da na ta ɗaya, aka goge lambobi, muka sake fita. Lamba ta dawo P0301, wato misin a silinda ta ɗaya, ciwon ya bi koyil ɗin zuwa sabon wurinsa.

Kun auna matsin mai, lafiya. Kun taɓa sandar turbo, ba ta lilo, ba ta yoyon mai. Da ka ga dama ka ce turbo ne, da na yarda, domin da wannan tunanin na shigo. Tiyo ɗaya, koyil ɗaya da fulogi huɗu kuka canza, kuka zuba mini tsofaffin a leda.

Ina riƙe da shawararka: in kula da lokacin juyen mai, in na sha doguwar tafiya in bar inji ya ɗan yi silo kafin in kashe, fitila kuma in ta ƙifta in sassauta ƙafa nan take. Sati shida ke nan, na yi doguwar tafiya sau uku, ta daina cijewa ko sau ɗaya. Makon jiya na wuce tirela a kan tudu, yarana na barci a baya, ba wanda ya motsa.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya ƙara basira. A gaishe mini da yaron da ya riƙe kwamfuta, ya yi haƙuri da tambayoyina.

Naku,
Mai farar motar nan da ke cijewa