Talakawan da Suka Nemo wa Baƙar Fatar Amurka Ƙuri'a

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi tsokaci a kan yadda muke ba da tarihin 'yancin zaɓen baƙar fatar Amurka. Duk lokacin da aka taso da zancen, sunan Martin Luther King ake ambata, sai na Shugaba Lyndon Johnson wanda ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta, 1965. Ban raina musu ba, amma a ganina talakawa ne suka yi noman, su kuma suka halarci girbi.

Tun 1870 tsarin mulkin Amurka ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa, sai dai jihohin kudu sun toshe ƙofar da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da kuma tsoratarwa. A tsibirin Johns na jihar South Carolina, wani direban bas mai suna Esau Jenkins ya riƙa koya wa fasinjojinsa karatun da za a tambaye su wajen rajista. Daga nan ne, tare da malama Septima Clark, aka buɗe ajin manya a 1957 a bayan wani kanti, kuma mai gyaran gashi, Bernice Robinson, ce ta fara koyarwa, domin abincinta ba ya hannun wani Bature balle a kore ta daga aiki.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Fannie Lou Hamer, 'yar ƙodago a gonar auduga a Mississippi. A 1962 ta je garin Indianola yin rajista, aka ɗora mata tambaya a kan tsarin mulkin jihar, aka ce ta faɗi. Da ta koma gida mai gonar ya ce ko ta janye ko ta tattara nata ya-nata, ita kuwa ta bar gonar da ta yi wa aiki shekara 18. A shekarar da ta biyo baya aka lakaɗa mata duka a gidan yarin Winona har ƙodarta ta taɓu, amma ba ta daina bi gida-gida ba.

Mai tambayar abin da ƙuri'a ɗaya za ta tsinana ya duba shari'ar kisan wani yaro baƙar fata, Emmett Till, a Mississippi a 1955. Daga cikin masu rajistar zaɓe ake ɗauko masu taya alƙali yanke hukunci, kuma da yake babu baƙar fata ko ɗaya a rajistar yankin, Turawa zalla suka zauna suka wanke waɗanda suka kashe shi. Shugaban 'yan sandan yanki ma zaɓarsa ake yi. A 1964 baƙar fatar Mississippi masu rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba, amma zuwa 1967 sun kusa kashi 60.

A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta soke sashen dokar 'yancin zaɓe ta 1965 da ke fayyace jihohin da sai sun nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su sauya ƙa'idojin zaɓe, kuma a ranar jihar Texas ta sanar da fara aiki da dokarta ta nuna katin shaida kafin jefa ƙuri'a. Ina roƙon jaridarka ta ware shafi ga waɗannan mutane, ta fara da Hamer.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya